Wanda Zai Tarbi Baƙon Jami'a

Tawa, 4 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Tanimu, a Tama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Cima da duk mutanen gida. Yaya kunnen? Direban motar kasuwa ya ce mini hatsin Tama ya yi kyau bana, Allah Ya sa a kai rumbu lafiya. Mu ma nan lafiya lau.

Tun da kunnenka ya yi nauyi salula ta daina yi mana amfani, shi ya sa na koma ga bik da takarda. Ban ji haushi ba, don ina son ganin rubutun nan naka na makarantar manya, mai tsaye kamar an dasa shi.

Kawu, an ba ni sabon aiki a jami'a. An buɗe buro na hulɗa da jami'o'in ƙasashen waje, ni aka sa a ciki. Ɗaki ne ƙarami, da tebur ɗaya da taswirar duniya wadda ta fi tagar girma. Wata biyar ina aika wasiƙu ƙasa ƙasa, sai yanzu aka amsa mini da gaske. Wata jami'a ce a kudancin Maroko, inda ƙasarsu ta yi kama da tamu, dutse da faƙo da ruwan da yake zuwa da gudu ya wuce. Za mu yi musaya da su. Su aiko ɗalibai biyu, mu aika biyu. Su aiko masani ɗaya, mu aika ɗaya.

Ɗaliban mun zaɓe su. Masanin ne ya rage, kuma mutanen can sun ce daga Tama suke son sa, babban malami wanda ya san ƙasa da ruwa. Ka yi tunani, Kawu, ka gaya mini ko za a samu yardarsa.

Taka,
Ummulkhairi

Tama, 12 ga Oktoba

Ɗiyata Ummulkhairi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo ran kasuwa, na karanta ta sau biyu, na kuma karanta wa Cima da ƙarfi har maƙwabta sunka ji. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda kinka bar shi, abin da nake son ji ina ji, sauran kuma Allah Ya hutar da ni. An fara yankan hatsi, ni ma na ɗaure dami arba'in da ɗaya, saura gonar kan dutse.

Barka da buro. Da Yalwa tana raye da ta zagaya garin nan gida gida tana faɗin ɗiyarta ta zama mai magana da ƙasashe. Allah Ya jiƙan ta.

Maganar malami kuwa ba ta da wuya. Duk Tama babu kamar Malam Alƙasim, limaminmu. Ya yi karatu a Sakkwato shekara tara, Larabci a bakinsa kamar ruwa, kuma mutanen Maroko na ji Larabci suke yi. Ƙasa da ruwa ma ya san su, don babu abin da za ki tambaye shi na taimama da alwala bai ba ki amsa da littafi ba. Ban gaya mishi ba tukuna, don na san shi, in ya ji yau gobe zai kai babbar rigarsa wajen mai guga, garin duk ya sani.

Da na gama karatun Cima ta yi ta dariya tana kallona, na tambaye ta ta ce, "Ba komi, tsoho, rubuta abinka." Ban gane mata ba. Ga ƙullin kuka da busasshen tumatir ta ba direba ya kawo miki.

Kawunki,
Tanimu

Tawa, 16 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Kuka ta iso, a gode wa Inna. Ita ta gane, kai ne ba ka gane ba, ko kuma ka gane ka yi kamar ba ka gane ba. Kunya ce ta hana ni faɗa kai tsaye. Kai ake nema.

Ka tuna lokacin da nake rubutun ƙarshen karatuna, na yi damina guda ina bin ka a kan faƙo da kaye, littafin rubutuna, a hannu? Na rubuta yadda kake duba tarkacen da ruwan farko ya bari, karmami da kashin awaki, ka san inda za ka jera duwatsun tare ruwa ba tare da injin awo ba. Na sa hoton gonar kan dutse, wadda ko ciyawa ba ta fitarwa lokacin da ka karɓe ta. Wani malaminsu, Dokta Lahsan, ya karanta. Shi ne ya rubuto ya ce ba ya son a aiko masa da wanda ya karanta labarin duwatsun, wanda ya jera su yake so.

Ba da sauƙi aka yarda a nan ba. A taro wasu sun ce ta yaya za a rubuta mutumin da bai zauna lakkwal ya yi boko ba a layin masana. Na tashi na yi magana har muryata tana rawa. A ƙarshe shugabanmu ya ce, to, an bar miki, amma in ya lalace ke kika ɗauko. Sunanka ne sharaɗin mutanen Maroko. In babu kai babu yarjejeniya, ɗaliban nan biyu ma sun rasa tafiyarsu.

Ga tsarin. Ranar ɗaya ga Fabrairu za ka tashi zuwa can, a ranar kuma Dokta Lahsan zai sauka a nan. Kai ka zauna a wurinsa wata biyu, shi ya zauna a gidanka, ya yi aiki a gonarka. Haka ake musaya ko'ina, ɗaya ya fita ɗaya ya shigo. Ka dawo kafin ruwa ya sauka. Za a sa hannu ƙarshen Nuwamba, don haka ina jiran amsarka.

Ummulkhairi

Tama, 9 ga Nuwamba

Ummulkhairi,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Hatsi ya shiga rumbu.

Na ga takardarki. Yadda kinka tsara abin nan ba zan iya ba. Ranar da mutumin zai zo ba ni barin gida. Ki yi haƙuri.

Tanimu

Tawa, 11 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Mako uku ina tsayawa tasha ran kasuwa, da takardar ta zo kuma layi uku ce. Na karanta ta har na haddace.

Ina jin na san abin da ya dame ka, kuma duk na yi tanadinsa. In kunnen ne, na yi magana da wani likita a nan, akwai ɗan abin da ake sawa a kunne, ƙarami ne, ba mai lura da shi. Ba wanda zai yi maka dariya. In jirgin sama ne, ba abin tsoro ba ne, tsofaffin da suka girme ka suna hawansa zuwa Makka. In Faransanci ne, za a ba ka tafinta. Ba za a sa ka karanta komai a gaban mutane ba, na san ba ka saba ba.

Ni ma ranar da na fara barin gida na ji tsoro, kai ne ka sa ni a mota a Buza ka ce in na waiwayo za ka zane ni da bulala. Yau ni nake gaya maka kada ka waiwaya.

Saura kwana goma sha tara.

Ummulkhairi

Tawa, 22 ga Nuwamba

Kawu,

Lafiya dai? Direba ya ce ya gan ka a lambu kana dashen albasa, ya miƙa maka takardata, ka sa a aljihu ka ci gaba da aiki. To alhamdu lillahi da ba ciwo ba ne.

Jiya shugabanmu ya leƙo buro ya tambaye ni ina masanin nawa. Na ce yana dashen albasa. Ya yi murmushi irin wanda ba ka so a yi maka. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta riga ta sayi jakar tafiya, kullum sai ta biyo ta gaishe ni, ni kuma ba na iya kallon idonta.

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. In na yi maka laifi ka faɗa mini ko mene ne. In kuma ƙi ne kawai, ka rubuta ƙi, in san abin da zan gaya wa mutane.

Ummulkhairi

Tama, 25 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Muna lafiya. Na yi shiru ne don takardarki mai maganar kunne da jirgi ta same ni a inda ba ki nufa ba, na ji tsoron in amsa da zafi. Cima ce ta ajiye mini bik a kan tabarma yau da safe ta ce ba fura sai na rubuta.

Kin ba ni kunne, kin ba ni jirgi, kin ba ni tafinta. Ni ban roƙi ko ɗaya ba. Na yi kwana uku bisa buhunan albasa a kan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas tun ba a haife ki ba, ba jirgi zai kore ni ba. Kunnena kuma ya yi nauyi ne, ban taɓa jin kunyarsa ba sai da kinka rubuta cewa ba mai lura. Wannan ya yi mini ciwo, na faɗa miki, ya wuce.

Ki koma ki karanta layin nan nawa. Ban ce ba ni barin gida ba. Na ce ranar da mutumin zai zo.

Ummulkhairi, a garin nan kinka tashi. Zamanin babana an yi wani mutum a unguwar gabas, ya hangi raƙumin baƙonsa tafe, ya bi ta bayan danga ya shige daji, ya bar matarsa tana cewa ba shi nan. Mutumin ya mutu yau shekara sittin ke nan. Har yau in jikokinsa sunka shiga kasuwar Buza, gidan Ba-shi-nan ake ce musu. Ke kuma kin zauna a buro da taswira kin tsara mini in zama na biyunsa, har da sa rana.

Mutum ya ƙetaro hamada saboda ni, ya sauka ƙofar gidana, wa zai karɓi jakarsa? Ɗana Ilyasu yana Arlit wajen aiki. Cima ba za ta zauna hira da namiji baƙo ba. Wa zai yanka mishi zabo, wa zai gaya mishi rijiyar yamma ruwanta yana da ɗaci? Kuma in ya hau gonar kan dutse ba ni nan, me zai gani? Duwatsu zai gani a jere, ya ɗauke su hoto ya koma. Ni ma can in je in tarar da kujerarsa babu shi, in yi wata biyu ina gaishe da kujera.

Musaya mun san ta, da ita muke ba da hatsi a ba mu nono. Amma mutum ba ƙwarya ba ne da za a miƙa wannan a karɓi waccan. In mutanenki suna son zumunci, ya zo ya same ni, ya ci abin da nake ci.

Maganar tahiyata kuma ki bar ta tukuna. Ni ba masani ba ne, manomi ne da ya gaji da ganin ruwa yana wuce shi. Ba zan je in zauna kujerar da ba tawa ba.

Kawunki,
Tanimu

Tawa, 2 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, kuma ina neman gafara. Na karanta layinka da idon buro. Maganar kunnen ma ka yafe mini.

Na kai takardarka taro na karanta ta yadda take. Da na zo kan gidan Ba-shi-nan duk aka yi dariya, sai wani malamin lissafi ɗan Madawa, wanda ya fi kowa ja da sunanka, ya ce a garinsu ma akwai irin gidan. Daga nan dariyar ta ragu. Amma aka ce tsari ya riga ya tsaru, ba mu kaɗai ba ne.

Sai na juya takardar da Faransanci na aika wa Dokta Lahsan. Kafin la'asar ya amsa. Ya ce shi ma wata guda ke nan yana neman yadda zai gaya wa mahaifiyarsa cewa dattijo zai zo daga Nijar ya sauka gidansu alhali shi ba ya nan, ya kasa. Ya ce ya ɗauka mu ne muke son haka, mu kuma mun ɗauka su ne.

An sa hannu ranar Juma'a, da sabon layi a ciki. Duk wanda aka aiko, masani ko ɗalibi, takwaransa ne zai tarbe shi, sannan daga baya ya rama ziyara. Dokta Lahsan zai zo farkon Janairu ya yi wata biyu. Kai kuma an rubuta Maris da Afrilu.

Na san ba ka ce e ba. Na bar sunanka a wurin da gangan. In Maris ya zo ba ka tafi ba, mun karya alkawari, ba za a sabunta ba, ni ce kuma zan tsaya gaban mutane. Na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, ka zo Tawa a ɗauki hotonka a yi maka fasfo. Ko ba ka je ko'ina ba, fasfo ba ya cin hatsi.

Taka,
Ummulkhairi

Tama, 20 ga Fabrairu

Ɗiyata,

Muna lafiya, mu da baƙonmu. Ki yafe mini rashin rubutu, mai baƙo ba shi da hannu biyu.

Ranar da kinka sauke shi kin ga yadda ya zo da takalmi mai tsabta. Yanzu da kin gan shi ba ki gane shi. Kullum da hantsi muna kan faƙon Kalla, wanda ya roƙe ni tun bara in duba mishi. Lahsan ba ya tsayawa gefe da kaye, dutse yake ɗauka, hannunsa ya yi kanta. Tuwon hatsi ya fara da cokali, kwana huɗu ya ajiye shi. Fura kam Cima ta ce, "Wanga baƙo naka zai ƙare muna nono a garin ga."

Tafintanmu Malam Alƙasim ne. Lahsan ya faɗa da Larabci, Malam ya kama kunnena ya zuba mini da ƙarfi har awaki su watse. Ka'idar Larabci ta sa sun yi gardama sau biyu, na raba su. Wata rana muna hutawa gindin gawo Lahsan ya nuna gora ya ce aman. Na ce wa ya koya mishi Buzanci? Ya ce harshen uwarsa ne, haka suke kiran ruwa. Mun yi ta lissafa kalmomi har rana ta yi tsaka, aiki bai ci gaba ba ranar.

Ya nuna mini abu ɗaya da ban sani ba. A ƙasarsu suna barin ƙofa kaɗan a jerin duwatsu, ruwan da ya yi yawa ya bi ta nan maimakon ya fasa. Shekara talatin ina gyaran wuraren da ruwa ya fasa mini, ban taɓa tunanin in bar mishi ƙofa ba. Na ji haushi kwana ɗaya, sannan na gwada.

Saura kwana tara ya tahi, kuma na ga ba ki tambaye ni komi ba, Allah Ya yi miki albarka. Ga abin da na yanke. Har yanzu ni ba masani ba ne. Amma baƙon da ya kwana ɗaya ana raka shi bakin gari. Wanda ya yi mako ana kai shi tasha. Wanda ya yi wata biyu yana ɗaukar maka dutse ban san inda za a tsaya da shi ba sai ƙofar gidansu. Ku rubuta abin da kuke so a takardarku, ni rakiya zan yi. Ki aiko direba da fasfon.

Kawunki,
Tanimu

Maroko, 18 ga Afrilu

Ummulkhairi,

Ina lafiya. Lahsan zai ɗauki hoton takardar nan ya aiko miki ta salula, ya ce kafin in rufe bik ta iso. Ki sa a gaya wa Cima ina cin abinci, amma shayinsu sukari ya yi mishi yawa, kuma ba su san fura ba. 'Yan makarantarki biyu sun zo sun gaishe ni, suna lafiya, waɗanda sunka tarbe su suna riƙe da su da kyau.

Sun sa ni wani babban ɗaki gaban ɗalibai sun fi ɗari. Na duba, babu ƙasa babu dutse, na ce mu fita. Munka hau wani tudu bayan makarantar. Na bi kashin awaki da karmami, na ajiye duwatsu tara. Sunka kawo injin awonsu sunka bi bayana. Takwas sun yi daidai, ɗaya sun ce ya kauce da faɗin yatsa biyu. Injin ne ya kauce, amma ban faɗa ba, ni baƙo ne.

Da munka sauko wata yarinya ta kama hannuna ta kira ni ustaz. Wannan na ji shi sarai, ba a maimaita mini ba. Ban hana ta ba. Na ji daɗi, ɗiyata, ba zan ɓoye miki ba, kuma ke kinka tsaya gaban mutane muryarki tana rawa kafin a kira ni haka. Na gode.

Yanzu ga wata magana, ki zauna kafin ki karanta. Jiya na ce wa Lahsan ya kai ni filin jirgi ranar talatin ga wata, ruwa ya kusa. Uwarsa tana wurin, tsohuwa ce ta girme ni. Da anka juya mata maganar ta buga sandarta a ƙasa ta ce dattijon da ya rako ɗanta tun daga bayan hamada ba za a ajiye shi filin jirgi kamar kaya ba, sai an kai shi ƙofar gidansa. Lahsan ya ce daman yana son ganin ruwan farko a kan faƙon Kalla. Wani malami abokinsa ya ce shi ma zai biyo.

Ki sani tun yanzu, in ya kai ni Tama ba zan bar shi ya komo shi kaɗai ba. Ki je ki gaya wa shugabanku yarjejeniyar shekara ɗaya ba za ta ishe mu ba, ya ƙaro takarda.

Kawunki,
Tanimu